Saniya Tana Da Burtali, Ina Namu?

Duk wanda ya saba halartar zaman ƙarshen wata da muke yi a nan Dutse ya san cewa ba a buɗe karatu sai an ji ƙararrawar keken Baba Malam a ƙofar zaure. Dattijo ne, tsohon malamin firamare, kuma shi ne mai gyara mana ƙa'idar rubutu. Idan ka raba "yana" gida biyu a cikin labarinka, ko ka manta lanƙwasar ƙ, ba zai ce maka uffan ba, jan biro kawai zai zaro daga aljihun gaba, daga nan ka san ka shiga uku. Kekensa Rali ne baƙi, mai akwatin sarƙa da kariya a baya, wanda ya girmi jihar Jigawa kanta. A kan kariyar nan yake ɗaure rubuce-rubucenmu da tsohuwar robar tayar keke, ya kai gida ya duba, ya dawo mana da su wata mai zuwa.

A wata Asabar cikin bazarar 2024 muka zauna jiran ƙararrawa har rana ta yi sanyi, shiru. Can wani yaro ya zo a guje ya ce an kai Baba asibiti. Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne, kullum ana yinsa. Yana tafe a gefensa na titi, a wani layin shaguna, sai ya tarar mai shago ya jero katifu har bakin kwalta, gaba kaɗan kuma mai adaidaita sahu ya tsaya sauke fasinja. Babu wata hanya sai ya ratso tsakiyar titi. Mai acaɓa da ya taho ta baya ya goge shi, ya faɗa cikin kwata wadda ba ta da murfi. Ya karye a tsintsiyar hannun dama, hannun jan biro. Rubutun mutum huɗu daga cikinmu ya sha ruwan kwata, ɗaya kuwa ba ta da wani kwafi sai shi.

Da muka je dubiya muna ta tsine wa mai acaɓa, sai Baba ya ɗaga lafiyayyen hannun ya ce, "Ku bar yaron nan, 'ya'yana. Shi ma neman wurin wucewa yake. Ni abin da nake tunani tun da aka kwantar da ni a gadon nan shi ne, a ƙauyenmu saniya tana da burtali. Ni da na koyar da yara shekara talatin da biyar, ina nawa burtalin a babban birnin jiha?"

Muka yi dariya a lokacin, domin ya faɗe ta ne da sigar raha. Amma maganar ta bi mu har gida.

Ga matasanmu da suka tashi a birni, burtali shi ne hanyar da ake bari tsakanin gonaki domin dabbobi su wuce zuwa makiyaya ko mashaya ba tare da sun shiga shuka ba. Abin lura game da shi, ba sarki ne ya sayi filin ba. Manomin dama ya ja da baya kaɗan, na hagu ma ya ja, kowa ya dasa aduruku ko bini-da-zugu a iyakarsa, mai gari da Ardo kuma suka zama shaidu. Manomi bai yi haka don ƙaunar saniyar wani ba, ya yi ne don ya san idan bai bar mata hanya ba, ta cikin geronsa za ta bi. Kuma kowa a ƙasar nan ya ga abin da ya biyo baya a wuraren da aka cinye burtali da noma. Ashe ke nan kakanninmu sun san wani abu game da tsarin hanya wanda mu, da digirorinmu, muka bari ya suɓuce.

Waɗanda suka girma a cikinmu suna tuna Dutse kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano. Gari ne ɗan madaidaici, fadar sarki a Garu can cikin duwatsu, unguwanni a warwatse a gindinsu, dabino ko'ina. Ma'aikatan da aka turo daga Kano da yawansu ba su ma tare ba, sammako suke yi su zo, la'asar ta yi su koma. Daga baya gari ya buɗe, musamman a zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, lokacin da aka shimfiɗa tagwayen tituna masu fitilu, aka gina sabuwar sakatariya da filin jirgin sama. A 2011 Jami'ar Tarayya ta zo ta zauna a kan titin Ibrahim Aliyu, ta kawo dubban ɗalibai. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya san ƙurar da muka shaƙa a da ba zai raina kwalta ba. Sai dai duk wanda ya zauna ya zana titi, mota ce a cikin ransa, domin shi ma a mota zai bi ta kansa.

To amma su wa ke bin titin? Ka tsaya da hantsi a hanyar Kiyawa ko a titin Sani Abacha ka ƙirga da idonka. 'Yan makaranta ne cikin fararen hijabai, da almajirai, da masu tura kurar ruwa, da Fulani mata ɗauke da ƙoren nono, da leburori masu zuwa wurin gini, da mutanen ƙauye a kan keke da buhu a baya, musamman ranar da Shuwarin ke ci. Tun kuma daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000, sai ga ƙananan ma'aikata sun jingine babura sun karkaɗe tsofaffin kekuna. Masu faci da gyaran keke da suka yi shekaru suna gyangyaɗi a gindin bishiya suka farfaɗo. A cikin ƙungiyarmu ma, waɗanda ke zuwa zama a ƙafa daga Takur ko Fagoji sun fi masu abin hawa yawa.

Baba Malam yana yawan ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da keke ke da lasin, ana biya a maƙala masa 'yar lamba, ɗan doka ya tare ka idan babu. Ya ce a lokacin mai keke mutum ne, har kuɗinsa hukuma ke karɓa. Yanzu ba a karɓar komai a hannunsa, ba a kuma yi masa komai. Mu marubuta ma muna da hannu a wannan raini, kada mu ɓoye. Ku ɗauko littattafan soyayya da muka rubuta ko muka karanta tun daga shekarun 1990, ku nuna mana guda nawa ne saurayin kirki ya zo zance a kan keke ya kuma samu yarinyar. Kullum gogan naka a cikin Marsandi ko Honda yake, mai keke kuwa shi ne wanda ƙannen budurwa ke sace wa iskar taya. Har a sama ma haka ne. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya dage da kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja, har wata rana mota ta banke shi ya faɗa rami. Ƙasa ta ɗauka da dariya. Mu ma mun yi. Ba wanda ya tsaya ya ce, minista guda ya rasa inda zai bi da keke a birnin da aka zana daga farko, ina ga talaka?

Mako biyu bayan faɗuwar Baba, mu biyar muka je wurin da abin ya faru. Niyyarmu ta farko mu yi wa mai katifu faɗa. Da muka isa muka tsaya a tsallaken titi muna duban layin, sai ɗaya daga cikinmu, wanda birkila ne kafin ya zama mai rubuta waƙa, ya ce mu dubi ƙasa. Muka duba. Kowane shago a layin nan, babu togiya, mai shi ya daɓe gabansa da siminti. Wani ma har da tayil. Amma na wannan ya ɗara na maƙwabcinsa tsawo da kamu guda, na gaba ya yi matakala biyu, na gaba da shi ya gangaro kamar bakin rafi don a tura babur ciki, wani ya kewaye nasa da ɗan gini don kada ruwan maƙwabci ya shigo masa. Birkilan namu ya ce, "Kun ga simintin da aka zuba a nan? Wallahi da a bisa igiya ɗaya aka zuba shi, ya isa hanyar da makaho zai bi daga farkon layi zuwa ƙarshe bai yi tuntuɓe ba."

Nan jikinmu ya yi sanyi. Mun zo da tunanin cewa abin da ya hana a yi wa mai ƙafa hanya shi ne rashin kuɗi, sai muka tarar an riga an kashe kuɗin, kowa shi kaɗai.

Mai katifun ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ya ce shi ne ma ya ɗauki Baba zuwa asibiti. Da muka yi maganar kayan da ya baza, sai ya ce, "Malamai, in na shigar da nawa ciki, na kusa da ni ba zai shigar ba. Mai saye kuma abin da ya gani yake tayawa. Ku sa kowa ya ja baya rana ɗaya, ni ne na farko." Muka tambaye shi ko suna da wani abu da suke haɗawa a layin. Ya ce ƙwarai, suna da shugaba da ma'aji, kowane mako ana karɓar kuɗin gadi da na kwasar shara, idan wani ya yi gobara ko rasuwa kuma a yi masa karo-karo.

Wannan magana tasa, cewa ba zai yi ba sai kowa ya yi, ita ce ainihin maganar da wasu 'yan kasuwa suka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada fiye da shekara hamsin da suka wuce. A wata unguwa da ake kira Bloor West Village, ciniki ya mutu a ƙarshen shekarun 1960, saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɗauke mutanen da a da ke wucewa ta ƙofar shaguna, manyan kantunan bayan gari kuma suka janye saura. Wasu masu shaguna suka riƙa yin karo-karo don gyara layin, wasu suka noƙe, alhali idan an gyara kowa ke amfana. Da suka gaji sai suka je wa hukuma da wata buƙata wadda ba a saba ji daga bakin ɗan kasuwa ba: a ƙara mana haraji. Sharaɗinsu shi ne, idan masu shagunan layi suka amince, kuɗin ya hau kan kowa har da wanda bai so ba, hukumar birni ta karɓa tare da harajin gine-gine, sannan ta mayar da shi ga kwamitin 'yan kasuwar, a kashe shi a layin kaɗai. Aka yi doka, a 1970 tsarin ya fara aiki. Da fitilu da tukwanen furanni suka fara. Yau irin wannan haɗin gwiwa ya bazu a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu.

A kan wannan titi na Bloor ɗin dai, a 2016, aka gwada keɓe wa masu keke layinsu, abin da ya rage wuraren ajiye motoci. Masu shaguna da dama suka tsorata cewa ciniki zai faɗi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar yankin suka sa kuɗinsu a binciken da aka yi, sakamako ya nuna masu saye sun ƙaru, kuma mafi yawansu dama can ba a mota suke zuwa ba. Aka tabbatar da layin a 2017. Kada mai karatu ya zaci rigima ta ƙare a nan, domin a 2024 gwamnatin lardin Ontariyo ta yi dokar cire shi, sai da kotu ta taka mata birki a 2025. Ko'ina a duniya taku uku na gefen titi abin faɗa ne.

Akwai kuma irin na masu hannu da shuni. A birnin Indiyanafolis na Amurka an kammala wata hanyar ƙafa da keke mai tsawon kimanin kilomita 13 a 2013, wadda ta haɗa unguwannin kasuwanci da na al'adu na tsakiyar birnin. Ta ci dala miliyan 63. Wani attajiri mai suna Eugene Glick da matarsa Marilyn suka ba da miliyan 15, gwamnatin tarayya ta ba da miliyan 35 da rabi, wata ƙungiya mai zaman kanta ke kula da ita. Wannan ya fi ƙarfinmu, mun kawo shi ne kawai don attajiranmu su ji cewa ana iya barin suna a kan hanya kamar yadda ake barinsa a kan masallaci da rijiya, kuma malamai sun sha gaya mana matsayin kawar da abin cutarwa daga hanya a addini. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu kuwa ya ga yadda aka ware wa masu ƙafa biyu layinsu a manyan tituna, a ƙasar da ba ta kai mu arziki ba.

Mu dawo layin mai katifu. A ce shaguna 120 ne, kowanne ya ɗora naira 500 a mako a kan kuɗin gadi. Naira 60,000 ke nan a mako, a shekara 3,120,000. Ba za ta gina titi ba, ba a kuma nemi ta gina ba. Za ta iya yi wa kwata murfi kaɗan-kaɗan, ta daidaita daɓen da ya yi tudu da kwari, ta ja jan layi wanda kaya ba za su tsallake ba. Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba kuɗi ne mafi yawansa ba: injiniya ya zo ya buga igiya ya faɗi tsayin da kowa zai bi, a ware wa adaidaita sahu wurin tsayawa, a sa hannu a takarda cewa wanda ya tsallake layi akwai mai hukunta shi. Duk sabon shagon da za a gina kuma a ba shi awon tun daga tushe.

Sai itatuwa, waɗanda a wurinmu su ne rabin aikin. Hanyar ƙafa marar inuwa a Dutse cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 duwatsu kuma suna mayar da shi, ba mai bin ta sai wanda ya rasa yadda zai yi. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, ya shahara da son dashen itatuwa, kuma garin nan yana da tashar binciken dabino, saboda haka ba ilimi ko iri muka rasa ba. Abin da ke kashe dashen gwamnati shi ne ranar da aka gama ɗaukar hoto ba mai sake ba shi ruwa, akuya kuma tana jira. Amma darbejiyar da ke ƙofar shagon mutum, wadda ya san a inuwarta zai shimfiɗa tabarma nan da shekara huɗu, ruwan alwalarsa kaɗai ya ishe ta.

A nan ne gardama ta ɓarke a tsakaninmu, kuma har yau ba ta mutu ba. Wata 'yar'uwa a cikinmu, wadda mahaifiyarta da kuɗin ƙosai ta yi mata makaranta, ta ce ita ba ta yarda ba. Ta ce ranar da masu shaguna suka zuba kuɗinsu a gefen titi, ranar za su fara ganin nasu ne, kuma wanda za a fara kora ita ce mai ƙosai, sai mai shayi, sai mai faci, sai yarinya mai tallan gyaɗa. Ba ta yi ƙarya ba, an zargi irin waɗannan ƙungiyoyi da haka a Niyok da Johannasbag. Ta ce gara kwata a buɗe da a share talaka a kira shi tsafta. Wasunmu suka ce ai sai a ba masu tebur kujera a kwamitin, su biya ɗan abin da za su iya, a yanka musu wuri a bayan layin ƙafa. Ta ce ta sha ganin kwamitin da talaka ke ciki, shi ke ɗauko tabarma. Wani kuma ya tayar da maganar amana, ya ce duk mun san asusun ƙungiyar da ya shiga aljihun ma'aji bai fito ba, har da wata ƙungiyar marubuta da ba za mu ambata ba. Abin da muka iya cewa shi ne a riƙa liƙa lissafi a bango kowane wata kamar yadda wasu masallatai ke yi. Ita dai ba ta gamsu ba, kuma ba mu ga laifinta ba.

Laifi kuwa tudu ne. Muna cikin wannan muhawara Baba Malam, da hannunsa a rataye, ya tuna mana ranar da muka ƙaddamar da littafin ɗaya daga cikinmu. Rumfa uku muka kafa a kan titin unguwa, muka jera kujeru, muka toshe hanya tun daga hantsi har magariba, masu wucewa suna raɓawa ta jikin katanga, mu kuwa muna ciki muna jawabi a kan yadda marubuci yake madubin al'umma. Ba wanda ya amsa masa.

Mun koma wurin shugaban layin sau biyu. Dattijo ne mai sayar da kayan gini, ba ya son dogon zance. Ya saurari labarin Toronto har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malamai, Kanada ta yi nisa. Ku da kuke marubuta, ku rubuto mini abin nan da Hausa a takarda ɗaya, kada ta wuce ɗaya: nawa kowa zai biya, wa zai riƙe, me za a fara yi, me hukuma za ta yi, mai ƙosai kuma ina za ta zauna. In ta yi ma'ana zan karanta wa mutanena bayan sallar Juma'a."

Muka ce ai wannan mai sauƙi ne. A cikinmu akwai mai littafi bakwai, akwai wanda ya rubuta labari mai juzu'i uku. Zama huɗu ke nan muna kan takardar nan. Tambayoyi huɗu na farko sun shiga rabin shafi, ta biyar ce ta ƙi. An cire wa Baba Malam filasta, amma yatsunsa ba su riƙe biro da kyau tukuna, don haka da baki yake yi mana gyara. Keken yana jingine a zaurensa, jikansa ke rako shi zama a ƙafa, kuma idan sun zo layin katifu tsallakawa suke yi su bi ɗaya gefen.